Ƴar Wutsiyar da Ta Shanye Ruwan Rijiyar Audi

Barmo na Rijiyar Audi bai nemi aikin auna ruwan sama ba, aikin ne ya faɗo masa a ka. A shekarar 1970 aka ɗauke mushen lakwal ɗin garin, wato malamin makaranta, aka mai da shi garin Gangara, aka rufe ajin nan guda ɗaya, saboda yaran garin sun fi ganin girman awaki a kan baƙin allo. Mushe ya gama ɗaure katifarsa da tukwanensa a bayan mota, ya waiwaya, sai ya ga gwangwanin auna ruwa na gwamnati tsaye a filin lakwal bisa ƙafafunsa uku na ƙarfe, kamar maraya. Ya dubi masu rakiya ya ce wa ya iya rubuta lamba. Kowa ya juya ya dubi Barmo, don shi kaɗai ya taɓa yin shekara uku a lakwal a Tanut, kafin ubansa ya tuna yana da gona.

Mushe ya koya masa aikin a tsaye, direba yana ta danna oda. Kowace safiya da ƙarfe takwas a buɗe gwangwanin, a juye abin da ke ciki a wata siririyar kwalba mai zane-zane wadda cikinta mili goma ne, wato milimita goma, a duba, a rubuta. In ruwan ya wuce cikakken mili da ɗan wani abu, a sa birgil, sannan a rubuta ɗan abin.

"Mushe, wane ne kuma birgil?"

"Ƴar wutsiyar nan da ake sa wa lamba a gindi. Uku, wutsiya, huɗu, mili uku ke nan da ɗan ƙari."

"In ba a yi ruwa ba fa?"

"Ka sa sifiri."

"Ashe aikin da sauƙi," in ji Barmo. Bai san iyakar gaskiyar da ya faɗa ba.

Ƙarshen kowane wata yakan ninke takardar ya ba direban motar kasuwa ya kai Tanut, daga can a wuce da ita wani ofis a birni wanda Barmo bai taɓa gani ba. Ya kuma sayi kaye, wato littafin rubutu, nasa na kansa yana kwafe komai a ciki, don shi mutum ne da ba ya yarda da abin da ya bar hannunsa. Mutanen gari suka sa masa suna Metewo, sunan ofishin duba yanayi da Faransanci, sunan ya kama shi har ƴaƴansa ma da shi ake kwatancensu.

Abin da ya ɓata lamarin shi ne, tun daga shekarar da ya karɓi gwangwanin sama ta fara rowa. Wasu suka ce ai dole, ruwa ba ya son a sa masa ido. Sai da liman ya tsawatar bayan sallar Juma'a kafin a bar maganar tumɓuke gwangwanin. Matarsa Rahamatu ba ta cikin masu wannan zargi, amma takan leƙo ta gan shi durƙushe yana zana sifiri a hankali, harshe a waje, ta ce, "Malam, mutane sun tafi neman ruwa da guga, kai kana jiransa da alƙalami. In ka gama, zana mini guda ɗaya babba in dafa wa yara."

A gefen takardar akwai wani siririn gurbi na abin da aka lura. Mushe bai ce a rubuta komai a nan ba, amma Barmo ya ga bai kamata a bar fili haka ba noma, sai ya fara rubuta iska. Ilimin iskar kuwa ba a lakwal ya samo shi ba, wajen abokinsa Rissa ne, wani Buzu makiyayi da ke gangarowa daga wajen Tenhiya kowace bazara ya kafa tantinsa a kwarin da ke ƙasan gari. Tun suna samari suke musayar nono da gero, da kuma baƙar magana.

"Kai mai gwangwani," in ji Rissa, "kana duban ƙasa, ruwa kuwa daga sama yake zuwa. Ɗaga kanka mana."

Shi ya nuna masa cewa iskar da ke kawo damshi daga kudu maso yamma take hurowa, ƙasa-ƙasa, hadari kuwa daga gabas yake tasowa. In suka haɗu sai a yi ruwa, hadarin ya wuce da gudu kamar mahayin da ya makara. Wannan shi ne ruwan kowa da kowa. Amma akwai wani iri da kakansa ya taɓa gani sau ɗaya: iskar ƙasa ta yi kwana uku tana hurowa ba hutu, gajimaren sama ya nufi yamma, na ƙasa ya nufi gabas, iska ta riƙa kewaya gari, sannan hadari ya zo ya ƙi wucewa, ya durƙusa kamar raƙumin da ya gaji.

"In ka ga haka, ka kwance dabbobinka ka hau tudu."

Sai ga shekarar 1973. Wanda ya gan ta ba ya son a tuna masa. Shuka ta farko ta ƙone, ta biyu ba ta ma fito ba. Shanun Rissa suka koma ƙashi da fata, har wasu sai an kama musu wutsiya an ɗaga kafin su miƙe da safe. Ya bar su a kwari, don a nan kaɗai akwai sauran inuwa da ɗan ganyen da zai kakkaɓo musu.

Iskar yamma ta fara ran Asabar. Barmo ya rubuta. Lahadi ba ta tsaya ba, Litinin ma haka. Ran Talata, ashirin da huɗu ga watan bakwai, da hantsi, ya ɗaga kai ya ga gajimare biyu suna saɓani, ɗaya bisa ɗaya. Ya gangara kwari da gudu. Ya tarar Rissa ya riga shi gani, yana tsaye cikin shanunsa yana jan igiyar wata saniya da ta ƙi tashi.

"Na gani, Metewo. Amma da wace ƙafa za su hau tudun?"

Su biyu da matar Rissa suka ɗaga guda huɗu, suka tura su ƴan taku kaɗan, sai ɗigon farko ya faɗo. Daga hantsi har la'asar ba a ga rana ba, ba a ga gidan maƙwabci ba. Hadarin ya durƙusa a kan Rijiyar Audi kamar an ɗaure shi a turke. Ruwan duk tuddan da ke kewaye ya taru ya bi kwari, ja wur, yana jan itace. Dabbar da ta yi wata biyar ba ta ƙoshi ba, ba ta iya tsayuwa cikin laka da sanyi. Barmo da Rissa suna maƙale a gefen tudu suna kallo, shanun suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ko kuka ba su da ƙarfin yi. Ba a rasa ran mutum ba, wannan kam an gode Allah. Amma da ruwan ya ɗauke, abin da ya rage wa Rissa a duniya shi ne matarsa, da rawaninsa, da butar shayi.

Washegari da ƙarfe takwas Barmo ya je aikinsa, don bai san abin da zai yi ba in bai je ba. Rahamatu ta bi shi da ƙwarya, ta ce ko ɗigo ba za a zubar ba. Yana cika kwalba yana juye mata, tana ƙirgawa da ƙarfi. Sau goma sha ɗaya kwalbar ta cika fal, sannan ragowar ta tsaya daidai zane na biyu. Mili ɗari da goma sha biyu. Gurbin takardar an yi shi ne don ƙananan lambobi, amma sai ya rubuta 112 manya-manya har suka cika wurin. Bai sa wutsiya da sifiri a baya ba kamar yadda ya saba. Wutsiyar me, alhali ba ɗan ƙari?

Ruwan bai amfani kowa ba. Ya kwashe ƙasar gonaki ya tafi, aka koma sifiri har ƙarshen damina.

Rissa ya koma Tanut ya kafa teburin shayi a bakin tasha. Makiyayan da suka rasa dukiya a shekarar nan ba su ƙirguwa, kowa kuma an san abin da ya kashe nasa: yunwa da ƙishirwa. Shi kaɗai ne yake cewa nasa nutsewa suka yi. A Tanut ranar nan yayyafi kawai aka gani, don haka labarin ya zama abin nishaɗin tasha. Direbobi su zauna, su kurɓa, su ƙyafta wa juna ido.

"Rissa, ba mu labarin shanun nan da suka nutse a shekarar da rijiyoyi suka ƙafe."

"Da jirgin ruwa aka je ceto, ko?"

Ba ya fushi. Yakan ɗaga butar sama ya tsiyaya shayin siriri, ya ce, "Ku yi dariyarku. Ɗari da goma sha biyu. Yana cikin takardar gwamnati." In kuwa ranar kasuwa ce kuma Barmo ya shigo gari, sai ya nuna shi da haɓa. "Ga Metewo nan. Faɗa musu."

Barmo ya gyara zama ya faɗa musu, da ranar, da watan, da sau nawa kwalba ta cika. Ba wai sun yarda ba ne, amma sukan rage sautin dariyar, don takarda takarda ce. Shekara goma sha biyar ana haka. Rissa ya tsufa, matarsa ta rasu, bai sake mallakar ko akuya ba. Abin da ya mallaka shi ne lambar nan, kuma a wurin Barmo take ajiya.

A damanar 1988 wata Landiroba ta tsaya a filin tsohuwar lakwal. Wani ma'aikaci ya fito, siriri mai tabarau, ya ce sunansa Jibrin, daga Yamai, yana zagaya masu gwangwani. Ya durƙusa ya gaida Barmo yadda ya kamata, abin da ya sa aka shimfiɗa masa tabarma mai kyau aka dama fura. Ya duba gwangwanin, ya yaba tsabtarsa. Sannan ya warware wata doguwar takarda mai huji-huji a gefe, ta isa a yi wa mutum rawani.

"Baba, akwai wasu masana da suka koya wa na'ura mai ƙwaƙwalwa lissafin iska. Sun yanka samaniyar ƙasashen nan gida-gida kamar dara, kowane gida faɗinsa ya yi tafiyar yini biyu a raƙumi. Ana gaya mata yadda iska ta kaɗa a sama da ƙasa, ita kuma ta faɗi ruwan da ya kamata a ce an yi. Mu kuma muna gwada maganarta da abin da ku kuka auna, musamman ranakun babban ruwa, mu ga ko ta iya."

"To ta iya?"

"Ƙaramin ruwa tana ƙoƙari. Babba ne muke shakka."

"Ita ta taɓa jiƙewa?"

Jibrin ya yi dariya. "A ɗaki mai sanyi take, Baba."

"Madalla. Allah ya ƙara mata lafiya. In babban ruwa kuke nema, ɗana, ka zo gidansa. Buɗe mini saba'in da uku, watan bakwai, ran ashirin da huɗu."

Jibrin ya bi layi da yatsa, ya tsaya. "Ga shi. Sha ɗaya, birgil biyu. Na'ura kuma ta ce tara. Ka ga nan ma ta yi kusa, har an sa mata alamar ta ci."

Barmo ya karɓi takardar ya kai ta kusa da ido, ya nisantar, ya sake kusantowa. Lambobinsa ne, ɗaya, ɗaya, biyu, duk suna nan ba wanda ya ɓata. Sai dai tsakanin ɗaya na biyu da biyun, ga wata ƴar aba ta laɓe, ba ta kai ƙafar kiyashi ba.

"Wa ya sa wannan?"

Jibrin bai sani ba, amma ya san yadda ake yi. Wani magatakarda ne a ofis, shekara goma sha biyar da suka wuce, ya ga takarda daga Damargu, yankin su Barmo, a tsakiyar fari, sifiri a sama, sifiri a ƙasa, ga ɗari da sha biyu a tsakiya. Ya ga duk sauran lambobin mutumin suna da wutsiya, wannan kaɗai ba ta da ita. Sai ya tausaya wa ɗan ƙauyen da ya yi mantuwa, ya gyara masa.

Rahamatu tana bayan zana tana ji. "Sha ɗaya?" in ji ta. "Sha ɗaya ne ya rushe mini ɗakin girki? Kai yaro, ni na riƙe ƙwaryar. Gaya wa injin naku ya zo ya tambaye ni."

"Inna, ni ban musa ba."

"To goge."

Barmo ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya fito da kayensa na shekarar, ya buɗe ya miƙa. Jibrin ya karanta gurbin gefe da ƙarfi, yana tuntuɓe da rubutun: "Iskar ƙasa daga yamma kwana uku. Gajimaren sama ya yi yamma, na ƙasa ya yi gabas. Iska tana kewaya. Hadari ya durƙusa." Ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa a zuci.

"Baba, wa ya koya maka wannan?"

"Wani mai shayi."

"Abin da muke nema ke nan. Irin wannan kewayen iskar ƙarami ne, bai cika gida ɗaya na darar ba, sai ya sulale wa na'urar ta tsakanin yatsu. In ɗari da sha biyu ne, ba ta ci ba, faɗuwa ta yi, kuma irin faɗuwar da ya kamata a sani." Ya dubi Barmo. "Ni na yarda da kai. Amma ba ni ke gyarawa ba. Zan rubuta."

Ya kwafe shafin da hannunsa, ya gangara kwari ya ga ramin da ruwan ya yanka, wanda har lokacin raƙumi zai shige a ciki ba a ga tozonsa ba. Ya tafi.

Wata huɗu Barmo yana zuwa kasuwar Tanut da abin a cikinsa. Rissa ya nuna shi da haɓa, Barmo ya faɗi lambar, amma da an zo wurin takardar gwamnati sai ya sa kofi a baki. Ya ce a ransa ba amfanin tayar wa tsoho hankali a kan abin da ake gab da gyarawa.

Wasiƙar ta zo bayan girbi, ta Faransanci, da ɗan bayani da Hausa a ƙasa da hannun Jibrin. An duba. Gwangwanayen da ke kusa ba wanda ya ga babban ruwa ranar nan, ƙa'ida kuwa ita ce lamba irin wannan sai da shaidar gwangwani na biyu. Kayen Barmo ba shaida ba ne, don hannu ɗaya ne ya rubuta su duka, mai mantuwa kuma yana iya mantawa sau biyu. Amma tunda an tayar da shakka, sha ɗaya da wutsiyar ma ba za a bar ta ba. An cire. Za a bar gurbin fili, kuma ba za a sa ranar cikin gwajin na'ura ba. A ƙarshe Jibrin ya rubuta: "Baba, ka yi haƙuri. Iyakar ƙarfina ke nan."

Ranar kasuwa Barmo ya isa tasha da azahar. Benci cike. Wani direban Gangara yana ganinsa ya tafa hannu. "Yauwa, ga shaidu sun iso! Rissa, a sako shanu cikin kogi."

Rissa ya ɗaga butar. "Ɗari da goma sha biyu. Metewo, faɗa musu."

"Ɗari da goma sha biyu," in ji Barmo. "Da hannuna na auna."

"Kuma yana cikin takardar gwamnati."

Barmo ya dubi kofin da ke hannunsa. Da ya yi shiru da shi ke nan, ba wanda zai je Yamai ya duba. Amma shekara goma sha takwas yana rubuta abin da ya gani a kwalba, ko da sifiri ne, bai san yadda ake faɗin abin da ba haka yake ba.

"Ba ya ciki, Rissa."

Ya gaya masa duka a gaban mutane, da wutsiyar, da na'urar, da wasiƙar. Ba wanda ya yi dariya, abin da ya fi dariyar ciwo. Direban Gangara ya tuna yana da taya da zai duba. Rissa ya ajiye butar a kan garwashi a hankali.

"To yanzu me suka rubuta a ranar?"

"Ba komai. Fili."

"Ko sifirin nan naka?"

"Ko shi."

Rissa ya gyara rawaninsa, ya ja shi har ƙarƙashin ido. "Ashe ranar ma ta bi shanun," in ji shi. Ya zuba wa Barmo na biyu, mai sukari, suka sha.

Daga ranar bai sake ba da labarin ba, direbobi kuma ba su sake tambaya ba. Teburin ya yi tsit, ya zama wurin shan shayi kawai. Barmo ya ci gaba da zuwa duk kasuwa, su zauna su yi maganar tsadar gero da ciwon gwiwa.

Gwangwanin bai bari ba. Sai dai daga damanar da ta biyo ya daina rubuta lamba tsirara. Kowace sai ya bi ta da kalmomi, baƙi bayan baƙi: mili bakwai cif, mili ashirin da uku da ɗigo huɗu. Rubutun ya ƙi shiga gurbi, ya malala gefe, ya hau kan ranar da ke biye, wani lokaci har bayan takarda. Ofis ya aiko sau biyu a ce ya daina, yana ɓata musu tsari. Rahamatu ta ce ya amsa musu mana.

"Na amsa," in ji shi. "Na ce su nuna mini inda za su sa wutsiya a cikin ashirin."